Facin Saniya a Ƙafar Maharazu

Duk wanda ya san Maharazu a ƙasar Kura ya san ya iya noman shinkafa, ya kuma san ba ya ƙaunar ganin saniya. Gonarsa tana bakin babbar hanyar ruwan da ta taho daga madatsar ruwa ta Tiga, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, daidai inda shanun Dattijo ke bi in za su shan ruwa. Shi Dattijo Bafillace ne, iyayensa sun kafa ruga a wurin tun kafin a haƙa hanyar ruwan. Tun yana goye ake kiransa da wannan suna, sai da ya yi furfura sunan ya zauna masa. Tare suka tashi da Maharazu, kuma tun da suka zama magidanta suke kai juna gaban mai unguwa. Saniya ta miƙa wuya ta tsinki shinkafa, Maharazu ya kai ƙara. Saniya ta taka bakin fangali ruwa ya zube, Maharazu ya kai ƙara. Akwai ranar da ya kai ƙarar wata karsana don ta tsaya tana kallon gonarsa, ya ce niyyarta ba ta da kyau.

A ranin shekarar dubu biyu da bakwai ne abin ya same shi. Yana ban-ruwa mai ya kusa ƙarewa a inji, shi kuma ba ya son ya kashe injin layinsa na ruwa ya wuce, sai ya ɗauki galan ya fara zuba fetur injin yana aiki. Wuta ta tashi ta kama ƙafar wandonsa ta hagu. Kafin ya faɗa cikin ruwa ta riga ta cinye masa ƙwauri.

Aka yi magani iri-iri. Aka sa zuma, aka sa gashin zomo, mai kemis ya yi allurai har ya gaji. Gefen ƙunar ya warke, amma tsakiya ya ƙi rufewa, ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu. Damina ta shigo ta same shi a haka. Matarsa Saude ce ta ƙi yarda a ci gaba da zama, ta ce in bai tashi sun tafi Kano ba za ta je ta gaya wa yayansa irin warin da take kwana da shi. Maharazu yana jin tsoron yayansa, don haka suka hau bas.

A babban asibiti aka haɗa su da wata likitar tiyata, Dokta Rauda, wadda ba ta daɗe da dawowa daga ƙaro karatu a waje ba. Ta buɗe ciwon ta duba, ta daɗe tana kallo.

"Baba, wutar ta ci har ƙasan fata," in ji ta. "Naman yana son ya rufe, amma ba shi da abin da zai kama ya hau. Akwai wani sabon abu da muka samu kaɗan, muna gwada shi ga irin wannan ciwo. Ka san soso?"

"Na wanka?"

"Shi. In aka tsinko shi ɗanye akwai nama da 'ya'ya a ciki. In aka jiƙa aka wanke, duk su fita, saura saƙar zaren kawai. To haka ake yi wa fatar dabba. A wanke ta da magunguna har duk ƙwayoyin halittar dabbar su fita, kada a bar komai da jikinka zai ga baƙo ne ya yi faɗa da shi. Sai saƙar ta rage, fara, kamar takarda. In muka shimfiɗa ta a kan ciwon, jijiyoyin jininka da namanka su shiga ramukan su zauna."

Maharazu ya gyaɗa kai, bayanin ya shige shi. "Fatar wace dabba ce, Likita?"

"Saniya."

Saude ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki. Dariya take dannewa.

"Babu ta rago?" in ji Maharazu.

"Babu, Baba."

"Ko ta akuya ce. Akuya ma tana ɓarna, amma ba mu taɓa zuwa gaban hukuma da ita ba."

Dokta Rauda ba ta san tarihin ba, don haka ta ɗauka maganar addini ce ke damunsa. Ta ce ba dole ba ne, akwai wata hanyar amma ta fi tsawo da wahala, kuma ita ba za ta iya ce masa ga wanda ya yanka saniyar ba, tunda daga waje aka kawo. Ta ce ya je ya yi shawara da malaminsa ya dawo.

Tun a bas Maharazu ya sa Saude ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba. Ta yi alkawari, kuma ta riƙe. Shi ne ya tona kansa.

Washegari bayan la'asar ya ɗingisa zuwa zauren Malam Sammani, limamin unguwa. Ya zauna yana jiran mutane su watse, suka ƙi watsewa. Da ya ga magariba na matsowa sai ya matsa kusa da Malam ya rage murya. Ya manta kunnen Malam ya yi nauyi.

"Allah gafarta Malam, wani mutum ne ya aiko ni da tambaya. Likitoci suna son su yi masa faci da fatar saniya."

"Da fatar wa?"

"Saniya," in ji Maharazu, kamar mai raɗa.

"Za a yi wa mutum faci da fatar saniya," in ji Malam da ƙarfi, yana maimaitawa don ya tabbatar ya ji daidai. Kowa a zauren ya juyo. Malam ya tambaya ko an wanke ta, aka ce an wanke har ta fi jemammiya. Ya tambaya ko don ado ne ko don lalura, aka ce lalura. Ya ce to babu laifi, neman magani umarni ne. Sannan ya dubi bandejin da ke ƙafar Maharazu ya ce, "Shi wannan mutumin, ƙafar hagu ce shi ma?"

Kafin a yi sallar isha'i labari ya kai ruga.

Aka yi aikin lafiya. Da Maharazu ya ga abin kafin a rufe, bai ga alamar saniya a jikinsa ba, wani farin ƙyalle ne mai laushi da aka ɗinke gefe-gefe. Aka sallame shi da sharuɗɗa: kada ƙafar ta taɓa ruwan gona, kada ya yi tafiya mai nisa, ya ci wake da ƙwai da ganye, kuma ya riƙa zuwa wanki. Saude ta tsaya ta koyi yadda ake wanke gefen ciwon da ruwan gishiri, shi ma yana kallo yana gyara mata, don Maharazu ba ya iya ganin ana aiki bai sa baki ba.

Yana kwance a tabarma a ƙofar gida, ƙafa a kan matashi, sai ga Dattijo ya taho da sanda a kafaɗa da dami a kai. Ya yi sallama, ya sauke damin a gaban Maharazu. Harawa ce, sabuwa, kore shar. Ya zaro ƙullin kanwa daga aljihu ya ɗora a kai. Fuskarsa babu ko alamar murmushi.

"Sannu da jiki, ɗan'uwa," in ji shi. "Ban san wadda ka fi so ba, ta wake ko ta gyaɗa, sai na haɗo."

"Ɗauke kayanka, Dattijo."

"Kanwar kada ka lasa da yawa lokaci ɗaya, tana sa gudawa." Ya tsuguna ya dubi bandejin ta wannan gefe, ya zagaya ya duba ta wancan. "Ba su gaya maka ko fara ba ce ko ja? Don in ja ce, za ka yi faɗa. In fara ce kuwa ka yi dace, suna da haƙuri."

Masu dubiya da ke zaune suka yi ta tari. Maharazu ya juya fuska bango. Amma da Dattijo zai tafi sai ya miƙa wa Saude wata ƙwarya da ya ajiye a bayan ƙofa, ya ce Asta matarsa ce ta aiko, kindirmo ne da man shanu, a riƙa ba shi ya yi ƙarfi. Washegari wata ƙwaryar ta zo, jibi ma haka.

Tsokanar mutane ba ta dami Maharazu kamar tsokanar da zuciyarsa ta fara yi masa ba. Mutum ne da bai saba zama ba, ga shi yanzu daga tabarma sai tabarma, ba abin yi sai sauraron jikinsa. Wata rana yana tauna goro a hankali, ido a lumshe, ya buɗe ido ya ga maƙwabta biyu sun tsaya suna kallon muƙamuƙinsa. Daga ranar ya daina cin goro a waje. Likita ta ce ya ci ganye, ya ci, sai ya ga zogale da rama suna yi masa daɗi fiye da da, abin ya tsaya masa a rai. Ƙuda ya sauka a ƙafar, ya ji naman wurin ya motsa da kansa ƙudan ya tashi, ya daɗe yana tunanin ko da can ma haka ƙafarsa ke yi.

Da ciwon ya fara ƙaiƙayi sai ya kira Saude ɗaki, ya sa ta kawo madubinta.

"Ɗaga bakin bandejin kaɗan ki haska. Gashi ne ke fitowa, ina jin sa."

"Malam, likita ta ce ƙaiƙayi alamar warkewa ce."

"Ki duba dai. In kin ga gashi, ki gaya mini launinsa."

Ta duba ta ce ba gashi, nama ne ja mai kyau. Bai yarda ba sai da ta rantse. Ranar da ta sa nama a miya kuwa, ya tsamo tsoka ya riƙe ya tambaye ta na mene ne. Ta ce na sa ne, daga kasuwar Kura. Ya mayar da ita cikin kwano a hankali ya ce yau ba ya jin cin nama. Saude ta cinye nata ta cinye nasa, ta ce Allah ya ƙara zumunci.

Ana cikin haka, shinkafa ta fara ɗaukar ciki, shanun Dattijo suka kuɓuce wa masu kiwo suka shiga gonar Maharazu suka yi kwance-kwance a fangali biyu. Da labari ya iso, Maharazu ya ji wani irin ƙarfi ya zo masa wanda rabonsa da shi tun kafin gobarar. Ya sa aka ɗora shi a bayan acaɓa, ƙafa a miƙe kamar bindiga, har ƙofar mai unguwa. Aka aika aka kira Dattijo. Mutane suka cika wurin fiye da kullum.

Maharazu ya yi bayani tiryan-tiryan kamar yadda ya saba. Mai unguwa ya juya ga Dattijo.

"Ranka ya daɗe, ban musa ba," in ji Dattijo. "Sun shiga. Amma ba ɓarna ta kai su ba, dubiya suka je. Sun ji an ce nasu ba shi da lafiya, ba su san gidan ba, gonar suka sani. Da ba su same shi ba sai suka zauna jira, mai jira kuwa ba ya rasa ɗan abin taɓawa."

Mai unguwa ya ja rawani ya rufe baki ya yi kamar yana gyara shi. Maharazu ya buɗe baki zai yi magana, Dattijo ya ɗaga hannu, muryarsa ta sauya.

"Gaskiyar magana, ranka ya daɗe, laifinmu ne, kuma zan gyara abin da suka ɓata. Mutumin nan ba ya iya shiga ruwa, gonarsa ba mai tsaro. Daga yau shanuna za su zagaya ta gadar ƙasa su sha ruwa, ko da ta fi nisa. In layinsa na ruwa ya zo, ni zan buɗe masa in rufe. Mu ba ma cin gonar dangi."

Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Maharazu ya sa aka kama shi ya miƙe. Ya zo da shirin shari'a ta yini guda, ga shi an gama kafin shayi ya huce. A hanyar komawa ya ce wa ɗan acaɓa wannan duk dabara ce irin ta Dattijo, a zuba ido a gani.

Aka zuba ido, Dattijo ya cika maganarsa. Shanu suka koma bin gadar ƙasa. Duk ranar ruwa za a gan shi ya naɗe wando yana gyara bakin fangali, yana yi ba daidai ba, Maharazu yana zaune a kan kujera a bakin gona yana yi masa ihun gyara. Ƙwaryar Asta ba ta fasa zuwa ba. Maharazu ya yi ƙiba, wuyansa ya cika. Da yamma in garken ya wuce daga nesa, sai ya sami kansa yana bin su da kallo, har ya fara gane su ɗaya-ɗaya: mai karyayyen ƙaho, mai tsoron gada, da wata farar karsana da kullum ita ce ta ƙarshe. Da wani ya kira shi ɗan'uwan shanu a kasuwa, bai ji haushin da ya zata zai ji ba.

Bayan an yi girbi suka koma asibiti. Dokta Rauda ta kwance bandeji, ta danna wurin da yatsa, ta sa ya lanƙwasa ƙafa ya miƙe. Fata ta rufe ruf, sai sheƙi da ɗan duhu. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta kira wasu likitoci biyu suka zo suka gani.

"To Likita," in ji Maharazu, "ita saniyar tana ta ina yanzu? Sama take ko ƙasa?"

"Ai kusan babu ita, Baba. Na gaya maka saƙa ce kawai. Namanka ya shiga ya zauna, jikinka yana narkar da tsohuwar saƙar a hankali yana yin tasa. Abin da kake gani duk naka ne. In ma da saura, ba zai daɗe ba."

"Wato ta tafi."

"Ta gama aikinta."

Ta zata zai yi murna, sai ta ga ya yi jugum yana shafa ƙwauri. Suka hau bas ta komawa gida har suka wuce Kumbotso. Can ya juya ga Saude.

"Wannan maganar ta likita, ba sai kowa ya ji ba."

"Wacce? Ta warkewa?"

"Ta tafiyar saniyar. Mutane ba su da ilimin abin, za su rikice."

"Kindirmon kake ji, Malam."

"Zaman lafiya nake ji," in ji shi, ya juya yana kallon taga.

Haka aka ci gaba. Maharazu ya koma gona da ƙafarsa, ya dasa tumatir, amma in ya hango Dattijo sai ya ɗan ƙara ɗingishi.

Wata safiya yana ɗaure injin ban-ruwa a bayan keke sai ga Dattijo, ba sanda, ba sallama mai tsawo. Ya ce farar karsanar nan ta zame a gadar ƙasa, wani ƙarfe ya yage mata cinya, fata ta tafi wajen faɗin tafin hannu. Malamin dabbobi ya yi tafiya, ba a san ranar dawowarsa ba.

"Shi ne na ce bari in zo wurin dangi," in ji Dattijo. Ya dubi Maharazu daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan cinyarsa. "Fatarka muke so, ba da yawa ba. Ka yi ƙiba, ba za ka ji ba. Mu wanke ta da kyau kamar yadda aka yi wa tamu, mu shimfiɗa mata. Na wasa wuƙa."

Maharazu ya ja da baya har ya ture keken. Ya san Dattijo da tsokana, amma ya san shi da son karsanar nan, kuma fuskar ba ta nuna komai.

"Ai ba haka ake yi ba. Sai da injuna, da magunguna. Kuma ma, Dattijo, maganar dangin nan, likita ta ce saniyar ta tafi. Babu ita. Tun bayan girbi."

"Ta tafi ina?"

"Jikina ya narkar da ita."

Dattijo ya ƙura masa ido. "Wato ka cinye saniya guda kai kaɗai, a ɓoye, ba ka kira kowa ba. Sannan ka bi da nonon 'yan'uwanta."

"Fatar ce kawai, ita ma ɗan ƙyalle."

"Asta za ta ji wannan." Sai a lokacin bakinsa ya motsa, dariyar da ya daɗe yana riƙewa ta fito, ya dafa bango. Da ta lafa sai ya share ido ya ce, "Amma ciwon gaskiya ne, Maharazu. Ƙudaje sun fara taruwa, ban san yadda zan yi da shi ba."

Maharazu ya ɗaga keken ya jingine, ya kwance injin ya mayar zaure. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Saude ta tafasa ruwa da gishiri ta juye a galan mai tsabta, ta haɗo masa ragowar auduga da bandeji da almakashi. Suka kama hanyar ruga, yana gaba yana bayani: ba a zuba toka, ba a sa baƙin mai, daga tsakiya ake wankewa zuwa gefe, kuma a nemo malamin dabbobi na Bunkure ya zo ya yi allura.

Karsanar tana kwance a gindin wata tsamiya, tana huci. Dattijo ya riƙe ƙahonin, Asta ta danne ƙafafun baya da igiya. Maharazu ya wanke hannu har gwiwa, ya durƙusa a cikin kashin shanu ba tare da ya duba ba, ya jiƙa auduga. Da ruwan gishirin ya taɓa ciwon karsanar ta zabura ta kai masa shuri, ya kauce da ƙyar.

"Riƙe ta da kyau mana," ya ce wa Dattijo. Sannan ya dafa bayanta ya rage murya. "Yi haƙuri, na farkon ne mai zafi. Gobe ba zai kai haka ba."